Wilin da Na Wanke wa Tazanu

Asabar, 7 ga Janairu

Ya sake kawo motar. Duk wuraren wankin mota da ke garin Dschang bai ga wurin zuwa ba sai bakin rafina, kowace Asabar ta Allah. Ya hau da akori-kurar kan falalen dutsen da nake aiki, ya sauko, ya ce, "Yaya, an tashi lafiya?" Na ɗaga masa soso. Iyakar gaisuwarmu ke nan, yau shekara biyu.

Ba wai ba ni da abin faɗa ba ne. Da wane suna zan kira shi? In na ce Tazanu, a ce na zagi kujerar mahaifinmu. In kuma na ce Baba... ni? Ni da na goya shi, na share masa majina, na ba shi shekara goma sha ɗaya cif? Ranar da aka binne tsoho ina tsaye a gaba, ni ne ɗan fari, dattawa suka wuce ni kamar sun wuce kututture, suka kamo hannun autanmu suka zaunar da shi a kujera, suka kifa masa hular. Wai shi tsoho ya zaɓa ya gaje shi. Daga ranar ya zama uban kowa. Gwaggo Demanu da ta haura tamanin Baba take ce masa, 'yan'uwanmu mata haka, har matata Rozali. Na san al'ada ce, ba a kaina aka fara ba. Harshena ne dai ya ƙi juyawa.

Abin da ke ci mini rai har yau, tsoho bai taɓa nuna mini ba. Ko da wasa. Duk Lahadi ina kai masa bammi, yana sha yana sa mini albarka, ashe ya gama shawararsa tuni.

Na wanke motar. Wilin dama na gaba ya fi na hagu baƙi. Wataƙila idona ne.

Lahadi, 8 ga Janairu

Rozali ta ce, "Mutum ya tsallake gari guda ya kawo maka mota duk mako, kana jin laka ce ta dame shi?" Na ce ta ƙara mini miya.

Asabar, 14 ga Janairu

Ba idona ba ne.

Fomekong, wanda muke raba rafin nan da shi shekara ashirin, yana hango motar ya fara: "Zebaze, ajiye bokiti ka gyara riga, ga babanka nan tafe!" Na ce in ya ƙara sai ya sha ruwan kumfa. Shi abin dariya ne a wurinsa. Mutumin da ubansa bai bar ko kujera mai ƙafa uku ba, me ya sani?

Aikinsa ma ai na ci-da-sauri ne. Ruwan batir yake tsiyaya wa wili, baƙin ya zube nan take, mai mota ya tafi yana washe baki, bayan wata uku ƙarfen ya yi dabbare-dabbare kamar fatar mai ƙyasbi. Ni ba na haka. Baƙin birki ba laka ba ce da za a watsa mata ruwa ta tafi. Garin ƙarfe ne da zafi ya gasa a jikin wili. Sai ka bar shi ya huce tukuna. Sannan ruwan sabulu, a bari ya jiƙa. Sannan lemun tsami da tokar murhu da aka tankaɗe, a bi lungu-lungu da tsohon buroshin haƙori, ramukan kuma da tsinke naɗe da tsumma. Marigayi maigidana da ya koya mini aikin kullum cewa yake, "Karanta wili kafin ka wanke shi, soso ba ya mayar da abin da ya share." Haka ni ma na koya wa Tazanu a shekara ukun da ya yi a hannuna kafin ya samu tuƙi. Da hannuna na riƙe nasa a kan buroshi.

To, na karanta. Na hagu baƙi ne na kullum, mai laushi kamar na gindin tukunya. Na dama ninki biyu, har ya yi ɓawo. Na hagu ya huce kafin in gama gilasai. Na dama bayan rabin awa na ɗiga masa ruwa ya ce cuu. Birkin gefen nan ba ya saki. Cin kansa yake yi a hanya, a hawa da sauka.

Yana tsaye taku huɗu daga inda nake, yana cin gasasshiyar masara. Taku huɗu. Na ce a raina, direba ne na shekara goma sha biyar, dole yana jin sitiyari na jansa dama. Na wanke, na ɗauraye, ya tafi.

Yinin nan duka abinci bai yi mini daɗi ba.

Laraba, 18 ga Janairu

Taron gida a kan bikin tsoho. An tsayar da 11 ga Maris. Shekara biyu da binnewa, lokaci ya yi da za a yi masa babbar sallama, a kira dangin Duwala da na Yawunde, a kirɓa gwaza, a yanka awaki. Magaji ne zai buɗe rawa, zanen gado a ƙugu, wutsiyar doki a hannu, ya zagaya fili sau uku kafin kowa ya ɗaga ƙafa. Gwaggo har ta tashi tana gwada masa takun, mata na ta shewa.

Yana zaune a kujerar. Gaskiya dai gaskiya ce, ba ya baje jiki a kanta. A bakin-baki yake zama kamar wanda ya zo aron turmi. Ya yi ta bayanin yadda zai ƙara sawun kai kabeji Duwala kafin bikin. Ban saurara ba, ina ƙirga gwangwalar rufin ɗaki.

Sai na ji, "Yaya Zebaze, kai me ka gani?" Maganar birkin tana bakina, wallahi tana nan. Amma mutum talatin sun zuba kunne, kuma ba abin da zan faɗa suke jira ba, sunan da zan fara da shi suke jira. Na dubi bango na ce, "Abin da aka yanke ya yi."

A hanyar gida Rozali ta ce, "Girman kai rawanin tsiya." Ita ma ban gaya mata zancen wilin ba. Da ta ji da gudu za ta kai masa, gobe gari ya ɗauka wai Zebaze ya sauko, har ya aiko mace.

Asabar, 21 ga Janairu

Yau launin ya sauya. Baƙin ya koma ja-ja, da ɗan ƙyalli a ciki in rana ta haska. Na shafa da yatsa na ji kaushi. Takalmin birki ya ƙare ko ya kusa, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Kuma da wannan yake sauka gangaren Falez na hanyar Duwala da lodi har sama, lanƙwasa bayan lanƙwasa, dutse a gefe ɗaya rami a ɗayan, har Santchou.

Na tsuguna a gabansa na daɗe. Sai dabara ta faɗo mini, har na ji daɗin kaina. Na wanke motar tas, wili uku suna walƙiya, na bar na huɗun yadda ya zo. Ko ɗigon ruwa ban bari ya taɓa shi ba. Hannunka mai sanda ke nan. Ni na koya masa karatun nan. Ja ɗaya a cikin farare, ai ko makaho ya shafa ya gane. Ba suna, ba magana, saƙo ya isa.

Ya zagayo ya tsaya a kansa. Ya dubi wilin, ya dube ni. Na sunkuya ina matse tsumman da ba ruwa a jikinsa. Ya ɗan jira, sannan ya shiga ya tayar.

Lahadi, 22 ga Janairu

Na yi barci har rana ta fito. Na sauke nauyi, saura nasa.

Talata, 24 ga Janairu

Tir da garin nan! Ashe ranar Asabar motar ta wuni a bakin kasuwa, duk wanda ya wuce ya gani, Fomekong kuma bai bar bakinsa a gida ba. Yanzu labari ya zaga ko'ina. Wai Zebaze ya bar wa magaji wili ɗaya da dauɗa don ya nuna wa duniya bai cika uba ba. Wasu ma sun ce wani mugun abu na nufa da shi, ana dab da biki.

Gwaggo Demanu ta zo har rafi tana dogara sanda. A gaban direbobin tasi ta zazzage mini. "Kai ɗan nan, furfura a ka, ƙuruciya a ciki! Ƙanena yana kwance yana kallonka. Me Baba ya yi maka? Shi ya zaɓi kansa? Asabar in ban ga fuskata a ƙarfen nan ba, kada ka tako mana filin biki."

Na buɗe baki in ce, Gwaggo, birki ne. Sai na ga direbobin suna murmushi ƙasa-ƙasa. In na faɗa, na san tambayar da za ta biyo: to me ya hana ka gaya masa? Na rufe bakina.

Rozali ajiye kwano kawai take yi ta juya.

Asabar, 28 ga Janairu

Fuska suka ce suna so su gani, to sun gani. Awa uku na yi a kan wili ɗaya. Jan ya kama ƙarfen, sabulu ko gezau bai sa shi ba. Lemo goma sha biyu na matse. Na shafa da toka, na rufe da jiƙaƙƙen buhu, na jira, na goge, na sake. Buroshi biyu suka mutu. Yatsuna suka tsattsage, tsamin na shiga yana ci. A ƙarshe na bi shi da busasshen tsumma har na hango haƙorana a ciki. Shekara talatin ina aikin nan ban taɓa fitar da wili irin wannan ba. Fomekong da kansa ya zo ya leƙa ya ce, "Kai! Wannan ai sai a zuba gwaza a ci a kai."

Da fushi na yi shi. Ina gogewa ina cewa a raina, na nuna maka ba ka gani ba, kun mai da ni abin dariya, to ga kyau nan ku ci ku ƙoshi.

Tazanu ya tsuguna a gaban wilin ya daɗe. Sannan ya ɗago ya dube ni, irin kallon da yake yi mini yana yaro in ya gama aiki yana jira in duba. Na kau da kai. Sai na ji ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Na gode, Yaya." Har da murmushi.

Motar na hawa tudu na ji ƙarar. Siririya, kamar ana wasa wuƙa.

Me na yi haka?

Litinin, 30 ga Janairu

Na kasa zama. Da hantsi na ajiye aiki na tafi garejin Kana, makanikensa, in ce ya kira shi ya buɗe gefen nan, ba sai ya ce daga ni ba ne. Gareji a kulle. Maƙwabta suka ce ya tafi jana'iza Bafang, sai Laraba. To, ba komai, ai Alhamis yake sauka Duwala. Laraba da sassafe ina ƙofar Kana.

A dawowa na bi ta ƙofar gidansa. Motar na nan, ana loda kabeji. Lodi tun Litinin? Ai sai ya yi yaushi kafin Alhamis. Ruwansu. Na wuce.

Talata, 31 ga Janairu

Talata ce sawun da ya ƙara. Ya faɗa a taro. Ina ƙirga gwangwala.

Alhamis, 2 ga Fabrairu

Jiya ban iya rubutu ba.

Yana raye. Bari in fara da wannan. Direban babbar motar da ke bayansa ya ce tun a lanƙwasa ta biyar ya ga hayaƙi na fita daga gefen dama, ya yi ta danna masa oda. Birki ya yi zafi ya saki gaba ɗaya. A gaban Tazanu ga bas cike da mutane. Sai ya karya sitiyari ya ba dutse motar. Kabeji har cikin rami. Shi kaɗai ne a ciki.

Ƙafarsa ta hagu, daga gwiwa zuwa ƙasa. Likitoci sun yi iya yinsu. Jiya suka yanke.

A bakin ƙofar ɗakinsa na asibiti na tsaya. Matarsa Selestin ta fito ta kama rigata tana kuka. "Yaya, ranar Asabar fa da murna ya dawo, wai kun shirya. Har kwano biyu ya ci." Na ce mata, "Sai haƙuri." Ni, ni ne nake ce mata sai haƙuri.

Ban shiga ba.

Asabar, 4 ga Fabrairu

Na share falalen dutse da safe kamar kullum. Sai da na jera lemo da toka na tuna babu motar da za ta zo.

Laraba, 8 ga Fabrairu

Kowa ya samo dalilinsa. Gwaggo ta ce tsoho ne ya yi fushi don an ja masa rai da bikinsa. Shekaranjiya suka shiga ɗakin kakanni suka zuba manja da gishiri suna ba shi haƙuri. Ina tsaye a baya. Bawan Allah yana kwance abinsa, an ɗora masa.

Selestin kuwa garejin Kana ta je, ta tsaya a titi tana kururuwa wai shi ya nakasa mata miji. Kana ya rantse wata biyu rabonsa da motar. Wa zai saurare shi? An ce direbobi uku sun kwashe motocinsu daga wurinsa. Mutum mai 'ya'ya shida.

Fomekong mako guda bai tsokane ni ba, abin da ban taɓa gani ba. Yau da rana ya zo ya zauna a gefena, yana duban ruwa ya ce, "Zebaze, wilin nan da ka bari ranar nan. Ni fa wulaƙanci na ɗauka. Sai jiya na tuna launinsa." Na ci gaba da wanke buroshina. Ya ce, "Ni bakina, kai shirunka." Ya tashi ya koma kan tasin da yake wankewa.

Juma'a, 10 ga Fabrairu

Na hau acaɓa na sauka Falez. Motar na nan manne da dutse, gaba ya shige ciki. An riga an sace batir da fitilun baya. Ganyen kabeji ya ruɓe a kwalta, wari har maƙogwaro.

Wilin bai ko lanƙwashe ba. Zafi ya mai da cikinsa shuɗi, amma ta waje, a bakin ramukan, ƙyallin aikina na nan. Na kwance shi. Abin da na gani a bayansa shi ne abin da na sani tun ranar 21. Babu takalmi ko na rantsuwa, faifan ya yi kwari kamar an bi shi da fartanya.

Na sa shi a buhu na kawo gida. Rozali ta tambayi me ke ciki, na zauna na gaya mata duka, tun daga 7 ga Janairu. Na ɗauka za ta yi ihu. Da ta yi da na ji sauƙi. Sai ta dube ni ta ce, "Ba ni za ka gaya wa ba, Zebaze." Ta ɗauki kwandonta ta tafi gona.

Talata, 14 ga Fabrairu

Wani daga Yawunde ya kawo wata doguwar mota, za shi biki Fongo-Tongo. Wilin baya ɗaya ya ɗan fi sauran baƙi. Ba wani abu ba ne, da sauran wata biyu a gaba. Na bi shi har wurin mai gasa kifi ina yi masa bayani, har ya gaji ya ce, "Dattijo, na ji mana!" Baƙo ne, ban san ko sunansa ba. Ashe haka abin yake da sauƙi.

Lahadi, 19 ga Fabrairu

An sallamo shi ranar Juma'a. Yau bayan coci na ɗauki buhun na tafi.

Yana kwance a ɗakin tsoho, ya rame, bargo ya faɗa a inda bai kamata ya faɗa ba. Ya ce wa Selestin ta ba mu wuri. Na zazzage wilin a gaban gado. Ban kira shi da kowane suna ba, na dai fara. Na ce na gani tun farkon Janairu. Na ce na ji zafinsa, na ga jansa, na ji ƙararsa. Na ce Litinin na wuce ta ƙofar nan ana lodi. Ina magana ina duban wilin, muryata kamar ba tawa ba.

Ya bari na gama. Sannan ya ce:

"Na gane, Yaya. Ranar da ka bar shi ba wanki na gane, ai kai ka koya mini. Na so in kai wa Kana, lodi ya sha kaina, na ce bari dai Asabar in ga abin da Yaya zai yi. In ka sake barinsa ba zan sauka ba, ko kabejin zai ruɓe a gona. Da na ga ka zauna awa uku a kansa har yatsunka na jini, sai hankalina ya kwanta. Na ce ashe ya leƙa ya ga da sauran kwana."

Ya ɗan huta, numfashi na yi masa wuya.

"Na ce a raina, Yaya ko yana fushi da ni, ba zai goge wannan ya bar ni in sauka Falez ba."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Wallahi da ya ɗauki wilin ya jefe ni da shi ya fi mini. Na zauna a ƙasa. Shekara hamsin da bakwai, ina kuka kamar an yaye ni.

Can ya ce, "Ni ma da na tambaye ka. Tsoro na ji ka juya mini baya a gaban Fomekong." Sannan ya ce, "Kujerar nan ban roƙa ba, Yaya. Ranar da suka kama hannuna kai nake nema da ido."

Da zan fita ya ce in je in wanke Kana a idon mutane. In bar wilin a nan.

Litinin, 20 ga Fabrairu

Na je garejin da hantsi, lokacin da direbobi suka fi taruwa. Na tsaya a tsakiya na faɗa da ƙarfi, ban rage komai ba. Wani ya tofar da yawu. Kana ya ci gaba da goge sifana. Selestin ta ji, ta aiko a gaya mini kada in ƙara taka mata gida. Tana da gaskiya.

Da-na-sani ƙeya ce, in ji masu magana. Tawa kam a gaba take, duk inda na juya.

Asabar, 25 ga Fabrairu

Mota biyu kacal yau. Gari ya ji. Fomekong ya turo mini ɗaya daga cikin nasa, wai bayansa na ciwo. Ƙarya yake yi.

Laraba, 1 ga Maris

Taron gida kuma. Ya aiko musamman a kira ni, Selestin ta kau da kai na wuce.

Wasu suka ce a ɗaga biki zuwa baɗi. Ya ce a'a, an riga an gaya wa tsoho rana. To wa zai buɗe rawa? Dattawa suka yi ƙus-ƙus, sannan Gwaggo ta ce al'ada ta yarda, in magaji ya gaza, babban wa ya riƙe masa wutsiya ya zagaya a madadinsa. Ba ta dube ni ba da take faɗa. Shi kuma ya ce, "Ya yi. A ba Yaya."

Shekara biyu ina ganin wutsiyar nan a mafarki. Zanen, hular, fili cike, ni a gaba. Ga ta an miƙo mini, kuma na san da me aka saye ta.

Na ce, "Mai ita zai riƙe abarsa." Suka ce ta yaya? Na ce a bar mini wannan.

Juma'a, 10 ga Maris

Fada, limamin cocinmu, ya ba mu aron keken guragu na coci. Tsohon keke ne, ya yi shekaru a ɗakin ajiya, wayoyin duk tsatsa. Na kai shi rafi. Lemo, toka, buroshi, waya ɗaya-ɗaya. Fomekong ya riƙe mini yana juyawa. Ya ce, "Wannan ma sai ka karanta shi?" Na ce ya yi mini shiru ya juya.

Lahadi, 12 ga Maris

An yi biki. Jama'a kamar ƙasa, gwaza ta ƙare tun kafin la'asar, 'yan Duwala suna ta ƙorafi kamar kullum.

Na tura shi a keken muka zagaya fili sau uku. Filin ba daidai yake ba, duk kunya-kunyar tsohuwar gona, kafaɗuna har yanzu ciwo suke. An ɗaura masa zanen ya sauko ya rufe gwiwa. A zagaye na farko wutsiyar na kan cinyarsa. A na biyu ya ɗaga wutsiyar sama, mata suka rangaɗa guɗa, Gwaggo na biye da mu tana rawa tana share ido. Selestin ba ta yi mini magana ba, amma da muka tsaya ni ta fara miƙa wa ruwa. Wataƙila don na fi kusa ne.

Ba zai sake tuƙi ba. Wannan babu lemo ko tokar da za ta fitar da shi. Wilin yana jingine a ɗakin tsoho, ya hana kowa ya taɓa.

Rozali ta dage wai a zagaye na uku, da tayar keken ta faɗa rami, ta ji na ɗaga murya na ce masa ya riƙe da kyau, wai har da wani suna a gaba. Ganguna sun yi yawa, ban san me ta ji ba. Mata da ƙarin gishiri.

Gobe zan mayar da keken, sai an samo masa nasa. Birkin hagu ba ya kamawa sosai, in an tsaya a gangare yana ɗan zamewa. Jiya tun da asuba, kafin ma a ɗaura zane, na shiga na gaya wa Baba.